Na iya kama kod biyar a jita amma ban san me nake kaɗawa ba, ta ina zan fara tiyori?

Tambayar da wani ƙanenmu ɗalibi ya turo daga Samaru kenan. Ya ce ya sayi jita ta hannu a Sabon Gari, ya koyi kama C, G, D, Am da Em a YouTube har yatsunsa sun yi kanta, amma da an kunna masa waƙar Hausa an ce ya bi ta da jita sai ya tsaya cak, bai san inda zai sa hannu ba. Wani kuma ya ce masa wai sai ya iya karanta rubutun kiɗa mai layuka biyar ɗin nan tukuna. Yana so ya san ko haka ne, kuma ta ina zai fara.

Toh ƙanena, sannu da ƙoƙari, wanda ya jure har yatsu suka yi kanta ya wuce inda mafi yawa suke ajiye jitar. Maganar layuka biyar kuwa a'a, ba daga nan ake farawa ba, yana da ranarsa amma ba yau ba. Tiyorin da kake buƙata yanzu ƙirga ne kawai, ƙirgan tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, kuma a jikin jitar za ka koye shi da hannunka da kunnenka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa in ba ka ɗauko jitar ka gwada ba to ka karanta ne a banza, don haka ɗauko ta kusa.

Kafin komai ka saita ta. Daga tsirkiya mai kauri ta sama wadda muke kira ta 6 zuwa siririya ta ƙasa wato ta 1, sunayensu E, A, D, G, B, E. Sauke manhajar saiti a waya, kyauta ce, kuma ka riƙa saitawa duk lokacin da ka ɗauki jitar, don in kunnenka ya saba da sauti karkatacce gyara shi ya fi koyon farko wahala. A garin nan abin ya fi tsanani da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iska bushewa take yi, katako ya tsuke, saiti ya riƙa zamewa, wani lokaci har ka ji bakin ƙarafunan firet, wato ƙarafunan nan da suka gitta wuyan jita, suna kartar maka hannu. Ka riƙa mayar da ita jaka, kar ka jingina ta inda rana ke bugawa, in da hali ka sa ɗan soso mai laima a kwanon sabulu mai huji ka jefa cikin jakar. Sannan tunda ta hannu ce, danna firet na 12 ka duba manhajar, in tsirkiya a sake ta nuna E amma a firet na 12 ta haura sosai to mai yiwuwa tsirkiyoyin sun yi nisa da katako, kai ta wajen mai gyara ya sauke su, in ba haka ba za ka yi ta zargin kunnenka alhali laifin jitar ne.

Yanzu ka manta da tsirkiya biyar, ka riƙe ɗaya. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya yi duk waƙoƙin da ya yi har ya zaga duniya da su, kaga ashe tsirkiya ɗaya ta isa ta ɗauki waƙa sukutum. Ɗauki ta 5, wato A. A sake A ce. Firet na 1 A# (ana cewa A shaf), na 2 B, na 3 C, na 4 C#, na 5 D, na 6 D#, na 7 E, na 8 F, na 9 F#, na 10 G, na 11 G#, na 12 ka dawo A. Sauti 12 kenan, daga nan sai maimaici. Abu ɗaya za ka haddace: tsakanin B da C babu shaf, tsakanin E da F ma babu, maƙwabtan juna ne, sauran duk akwai firet ɗaya a tsakaninsu. Filat kuma kar ya ruɗe ka, A# da Bb wuri ɗaya ne a jita, in ka hauro daga A ka ce shaf, in ka gangaro daga B ka ce filat.

Dubi firet na 12 da kyau, daidai tsakiyar tsirkiya yake. In ka danna nan ka raba tsawonta biyu, sai ta riƙa karkarwa ninki biyu. A a sake tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa, a firet na 12 sau 220, ita kuma A da ke firet na 5 a tsirkiya ta 1 sau 440, ita ce ma'aunin da ake saita kayan kiɗa da shi kusan ko'ina. Shi ya sa kunne yake jin su abu ɗaya ne, ɗaya dai ta fi siriri, kamar yadda namiji da mace za su rera waƙa ɗaya tare ba wanda ya kauce. Wannan tazarar ita ake kira oktef.

Cikin sauti 12 ɗin nan waƙa ba ta amfani da duka, zaɓa take yi, zaɓin shi ne sikel. Je ka tsirkiya ta 3, G. Kaɗa ta a sake, sai firet 2, 4, 5, 7, 9, 11, 12. Me ka ji? Do re mi fa so la ti do. Ka ƙirga takun da ka yi: biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Wannan shi ne sikel ɗin mejo, kuma daga duk firet ɗin da ka fara a duk tsirkiyar da ka ga dama in ka bi 2-2-1-2-2-2-1 abin da zai fito kenan. Ka lura a firet na 11 F# ka taka ba F ba, to amsar tambayar da mutane ke yawan yi kenan ta me ya sa ki ɗin G, wato sikel ɗin da ya fara daga G, yake da shaf ɗaya, ba wani ne ya zauna ya yanke hukunci ba, ƙirgan ne ya kai ka can. Fara daga C kuma (tsirkiya ta 2, firet na 1) za ka ga ba ka taka shaf ko ɗaya ba.

Ina roƙonka ka riƙa rerawa da baki kana kaɗawa, ko muryar ba daɗi, ba don wani ya ji ba. Sunayen nan na do re mi asalinsu daga Italiya ne, wajen wani malamin coci Guido na garin Arezzo a ƙarni na 11, daga baya a ƙarni na 19 John Curwen ya yaɗa tsarin koyar da su a Ingila, ta nan suka iso mana ta makarantun mishan. Har yau in ka ji 'yan kwaya na coci a Wusasa ko Sabon Gari suna atisaye da su suke aiki, kuma shi ya sa za ka ga yaro ɗan kwaya ya ji waƙa sau ɗaya ya gano ta a fiyano. Ba baiwa ce ta daban ba, bakinsa ne ya rera tazarar har kunnensa ya san sunanta. In kana da aboki a cikinsu ka manne masa.

Sai kod, abin da ka riga ka iya kamawa. Ba wa sautukan sikel lamba 1 zuwa 7. Kod shi ne ka ɗauki ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka ɗauka, ka tsallake, ka ɗauka: 1, 3, 5. A ki ɗin C kenan C, E, G. Kama C ɗinka yadda ka saba ka bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya daga ta 5: C, E, G, C, E. Tsirkiya biyar kake kaɗawa amma sauti uku ne, biyu maimaici ne. G ma haka, tsirkiya shida amma G, B, D ne kawai suke ta dawowa.

Ga gwajin da nake so ka yi yanzu yanzu. Kama Em, yatsu biyu a firet na 2 na tsirkiya ta 5 da ta 4. Kaɗa, ka saurara har sautin ya mutu. Kar ka ɗaga komai, sai ka ɗora manuniya a firet na 1 na tsirkiya ta 3, ka sake kaɗawa. Ya zama E mejo. Ɗaga, ɗora, ɗaga, ɗora. Ɗan yatsa ɗaya, firet ɗaya, amma sai ka ji kamar an buɗe taga an rufe. Abin da ya faru shi ne lamba 3 ce ta motsa daga G zuwa G#. In tsakanin 1 da 3 firet huɗu ne kod ɗin mejo ne, in firet uku ne maina ne, shikenan bambancin wallahi ba wani abu a ɓoye. Gwada da Am: yatsan da ke firet na 1 a tsirkiya ta 2 in ya koma firet na 2 ka samu A. D ma haka, sauke na tsirkiya ta 1 daga firet na 2 zuwa na 1 ka samu Dm. Za ka ji ana cewa mejo na murna ne maina na baƙin ciki, ni ban cika son wannan bayanin ba don waƙoƙin biki nawa ne a ƙasar Hausa suke tafiya a kan maina mutane na cashewa, ka dai san sautin kowanne ka bar waƙa ta faɗi abin da take nufi.

In ka yi wannan tsallaken daga kowace lamba ta sikel za ka samu kod bakwai, kuma jerinsu ba ya canzawa a kowane ki na mejo: 1, 4 da 5 mejo ne, 2, 3 da 6 maina ne, na 7 wani iri ne daban, ajiye shi gefe tukuna. A ki ɗin G kenan G, Am, Bm, C, D, Em. Kaga abin da ya faru? Kod biyar ɗin da ka ce ka iya duk 'yan ki ɗaya ne, Bm kaɗai ya rage maka, ashe ki guda kake riƙe da shi ba ka sani ba. G shi ne 1, C 4, D 5, Em 6, Am 2.

Daga yau ka daina haddace waƙa da haruffa, ka haddace ta da lamba. G, D, Em, C shi ne 1, 5, 6, 4. A ki ɗin C zai zama C, G, Am, F, a na D kuma D, A, Bm, G. Kamar tela ne da ɗinkin kaftani, yankan iri ɗaya ne, awon mai riga ne ke canzawa, ki shi ne awon muryar mai waƙa. Ranar da za ka zauna da mawaƙiya ta ce ya yi mata ƙasa a ɗaga, wanda ya haddace haruffa zai tsaya yana zare ido, mai lamba kuwa matsawa kawai zai yi. Kafo, ɗan maƙalin nan da ake danne duk tsirkiyoyi da shi a firet ɗaya, ma aikinsa kenan, in ka maƙala shi a firet na 2 ka kama G to A ke fita, don komai ya hau firet biyu. Kuma ka saurari halin kowace lamba, 1 nan waƙa ke sauka ta huta, 5 ja yake yi yana neman a koma 1, kaɗa G, C, D ka tsaya a D ɗin ka ji yadda ranka zai ƙi kwanciya sai ka dawo G.

Yanzu bari mu zo inda nake ganin matsalarka ta fi yawa, don ni a ganina abin da ke hana ka bin waƙar Hausa rabinsa ba kod ba ne, bugu ne. Darussan da ka kalla kusan duka a kan ƙirgan huɗu suke, 1 2 3 4, ƙasa ƙasa sama sama ƙasa sama. Amma da yawa daga kiɗanmu na kalangu da ganga uku-uku yake tafiya, abin da ake rubutawa 6/8 ko 12/8, to in ka ɗora masa hannun huɗu dole ku yi ta karo. Ajiye jitar ka zauna. Ƙirga 1 2 3 4 5 6 da baki a hankali, kana maimaitawa. Hannun hagu ya bugi cinya a 1 da 4. In ya zauna sai hannun dama ya shigo a 1, 3 da 5. Hagu biyu, dama uku, a lokaci ɗaya. Da farko hannuwan za su rikice, ka rage sauri ka ci gaba, ranar da ya zauna za ka ji ashe kiɗan da ka taso kana ji a gidan biki ne, jikinka ya san shi tuntuni. Sai ka mayar da shi jita: toshe tsirkiyoyin da hannun hagu yadda ba sauti sai ƙas ƙas, ka bi mai kalangu da hannun dama kaɗai, kana nauyaya 1 da 4. Kar ka kama kod ko ɗaya sai hannun daman ya zauna daram. Kuma ka sa metronom, wato na'ura ko manhajar da ke ƙirga maka bugu, a 60, bugu ɗaya a daƙiƙa kenan, ka canza daga G zuwa C ba tare da hannun dama ya tsaya jiran na hagu ba. Mai jitar da ya kama kod ba daidai ba amma yana kan bugu za a iya rawa da kiɗansa, wanda ya kama daidai ya makara kuwa ba mai iya bin sa.

Ɗaya rabin kuma shi ne yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ba sauti bakwai suke amfani da shi ba, biyar ne, abin da ake kira fentatonik. Cire fa da ti daga do re mi, ya rage do re mi so la. A tsirkiya ɗaya: 0, 2, 4, 7, 9, 12. In kuma ka fara daga la ka samu na maina: 0, 3, 5, 7, 10, 12. Kaɗa wannan na biyun a tsirkiya ta 1, hau ka sauka, ka ɗan yi wasa da shi, na tabbata kafin minti biyu za ka ji wani abu mai kama da gurmi ko garaya yana fitowa daga hannunka. Abin daɗin ma, tsirkiyoyin jita a sake, E A D G B, su ne daidai sautuka biyar na fentatonik ɗin E maina. Don haka ga shi a sauƙaƙe: ta 6 sake da firet 3, ta 5 sake da 2, ta 4 sake da 2, ta 3 sake da 2, ta 2 sake da 3, ta 1 sake da 3. Nemi kiɗan marigayi Ali Farka Toure na Mali da na masu jitar Agadas irin su Bombino ka saurara, za ka ji yadda suke zama a kan kod ɗaya ko biyu tsawon waƙa, babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri sauran yatsu na zuba waƙar a sama. Wannan hanyar ta fi kusa da kiɗanmu nesa ba kusa ba a kan canza kod huɗu duk bayan bugu huɗu.

To ga yadda za ka bi waƙar da aka kunna maka. Kar ka fara da neman kod. Saurara ka gano sautin da mawaƙin ko 'yan amshi suke yawan sauka a kai a ƙarshen layi, riƙe shi da baki kana mmm, sai ka bi tsirkiya ta 6 firet bayan firet har ka ci karo da shi, za ka ji sun haɗe sun zama ɗaya. Ka samu 1 kenan. Daga nan gwada firet uku sama da shi da firet huɗu sama da shi, wanda ya zauna da waƙar shi zai gaya maka maina ce ko mejo. Sai ka nemo waƙar kanta a tsirkiya ɗaya, layi ɗaya kawai, kod ya zo daga ƙarshe. Waƙoƙin fim da na sutudiyo da ake haɗawa da fiyano sun fi sauƙi don saitinsu ɗaya da jitarka. Na gargajiya kuwa wani lokaci za ka ji sautin ya faɗa tsakanin firet biyu, kar ka ce makaɗin ne ya yi kuskure, goge da kukuma ba su da firet, kuma raba oktef gida 12 daidai wa daida tsarin Turai ne, ba dole kowa ya bi shi ba. A irin wannan sai ka ɗan tura tsirkiyar sama da yatsa har sautin ya kai, ko ka zame zuwa gare shi. In kuma ka gwada mejo bai zauna ba maina ma bai zauna ba, cire lamba 3 gaba ɗaya ka kaɗa 1 da 5 kawai, misali tsirkiya ta 6 a sake da firet na 2 a ta 5, wannan ba ya faɗa da kowa.

In ka fara haɗa taka waƙar ka tuna Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka, shi ya sa ma kalangu yake iya magana a gane. In ka tilasta wa kalma ta hau inda a baki sauka take yi don kawai ta dace da kod, Bahaushe zai ji wani banbaraƙwai ko bai san dalili ba. Faɗi layin da baki yadda ake faɗarsa a zance, ka ji inda ya hau da inda ya sauka, ka nemo wannan a fentatonik, sannan ka zaɓi kod ɗin da ya ƙunshi sautin da layin ya fi daɗewa a kai.

Rubutun layuka biyar zai yi maka amfani in za ka shiga kwaya ko ƙungiyar badujala, ko kana son kiɗan jita irin na gargajiyar Turai, ko za ka karanci kiɗa a makaranta, kuma lokacin zai zo maka da sauƙi don ka riga ka san abin da alamomin ke nunawa. Kafin nan minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. A wannan makon ka haddace sunayen firet na tsirkiya ta 6 da ta 5 har zuwa na 12, don daga su ake samo sunan duk kod ɗin da ake kamawa da manuniya a kwance, ciki har da Bm ɗin da ya rage maka, tushensa na firet na 2 a tsirkiya ta 5. In ka gano 1 na waƙa guda ɗaya da kunnenka ka turo min sunan waƙar da firet ɗin da ka samu mu duba tare.